Dokin da Na Ba Habu

Kafin komai, ina roƙon duk wanda zai karanta wa jikokina wannan babi da Larabci, tun da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, ya karanta musu yadda na rubuta shi. Kada ya gyara, kada ya tausasa, ko da ya ga na kunyata kaina. Ku kuma 'ya'yana, Faisal da ƙannenka, na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da shekarar ƙarshe ta kakarku Inna. Kuna cewa rikicin tsufa ne ya sa ta daina yarda in karanta mata ko takardar magani, wai ta yi fushi da ni a kan wani tsohon fim na kaboyi. Na bar ku a kan haka saboda ya fi mini sauƙi. Inna ba ta taɓa rikicewa ba har ta koma ga Allah. Yayarku Rahma ta san gaskiya, ta kuma rufa mini asiri, amma nauyin ba nata ba ne, bai kamata ta ci gaba da ɗauka ba.

A zamaninmu kowane gidan Hausawa a Makka yana da mai karatunsa. Iyayenmu sun zo ta Chadi da Sudan, sun iya Alƙur'ani, sun iya Larabcin kasuwa, amma takardar hukuma da rubutun likita sun fi ƙarfinsu. Duk ɗan da ya fara shiga makaranta shi ake ɗora wa, a gidanmu kuwa ni ce, Zulai. Ina 'yar shekara goma nake karanta takardar iƙama, wato izinin zama a ƙasar, da wasiƙun maƙwabta, har da rubutun jikin gwangwanin madara. Abin da na faɗa shi ne abin da takarda ta faɗa, ba mai dubawa a bayana. Da Baba ya sayo talabijin mai baƙi da fari sai aikin ya ƙaru. Turawa na magana a ciki da yarensu, tarjamar Larabci na gudu a ƙasa, ni kuma ina durƙushe dab da gilashin ina juya ta zuwa Hausa kafin ta ɓace. Matan lungunmu kan cika ɗakin bayan la'asar, kowace da farantin shinkafar da take tsinta. In rubutu ya tsere mini sai in cike gurbin da kaina. Ba wadda ta taɓa kama ni, kuma ba yabon kai ba, nawa yakan fi na Turawan daɗi.

Inna ta ƙwallafa rai a kan fina-finan kaboyi, amma ba don ta yarda da su ba. Kallo take kamar malamin da ke duba allon ɗalibi. Ta yi shekara shida a hanya daga ƙauyensu na ƙasar Kano zuwa nan, a ƙafa, a jaki, a bayan motar auduga, don haka ba wanda zai koya mata tafiya. Fulanin Turawa take kiransu. Takan ce doki ba ya yini yana gudu ba a ba shi ruwa ba, sai dai in dokin aljanu ne. Takan yi tsaki in ta ga ƙato zai ratsa hamada da 'yar gorar ruwa kamar tafin hannu. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne yadda baƙo ke shiga gari ba sallama, bai nemi mai unguwa ba, bai tambayi masauki ba, sai ya zarce mashaya. In aka harbe shi ba ta tausaya masa. Mai tauraro a ƙirji, wato ɗan sandan garin, tana ganin girmansa, sai dai ta ce a yi masa aure, don riga ɗaya take gani a jikinsa tun bara. In masu gashin tsuntsu a ka suka gangaro daga dutse, matan ɗaki kan hau salati, ita kuwa ta ce ai ƙasarsu ce, mutum ya zo ya kafa shinge bai gai da kowa ba, me yake so a yi masa. Abu ɗaya ne ba ta yi masa ba'a, wato ayarin kekunan doki masu rumfa, da mata da yara da tukwane a ciki, suna bin rana zuwa inda ba su taɓa gani ba.

"Waɗannan alhazai ne," in ji ta. "Sai dai ba su san inda alƙiblarsu take ba."

Ina da wa da ban taɓa gani ba, sunansa Habu. A Sudan aka haife shi, lokacin da iyayena suka tsaya tsinkar auduga don su sami guzurin ƙarasa hanya. Yana ɗan shekara biyu zazzaɓi ya kama shi, daidai lokacin da ayarinsu zai tashi zuwa bakin teku. In suka tsaya, sai wata shekarar. In suka tafi da shi, ba zai kai ba. Wata Bahaushiya mai suna Hauwa, wadda suka zauna a gidan mijinta, ta ce a bar mata shi amana, in sun sauke farali su dawo su ɗauka. Suka tsallako a jirgin ruwan katako, ba fasfo ba takarda. Sai bayan sun iso suka gane cewa wanda ya shigo ta wannan hanya, in ya fita ba shi ba dawowa. Baba ya ce baɗi, baɗi ta zo ya ce baɗi, har aka haife ni. Inna ba ta kuka a gabanmu. Tana da wata tsohuwar adakar kwano da ba ta bari a taɓa, kuma kowa a gidan ya san majanyin da take goya Habu da shi yana ciki.

Ina da shekara goma sha huɗu aka nuna wani fim da ya shiga rayuwarmu bai fita ba. A cikin ayarin kekunan nan, ɗan wata mata ya kwanta ciwo. Suka iske wani gida shi kaɗai a fili, na wani tsoho da matarsa. Matar ta sauke yaron, ta naɗe shi a bargonsa, ta miƙa wa tsohuwar, ayari ya wuce. A ƙarshen fim an nuna ta bayan shekaru, tana zaune a ƙofar sabon gidanta, wani mahayi ya zo ya cire hula yana yi mata magana. Rubutun ƙasa ya ce yaron bai ga ƙarshen hunturun nan ba. Na waiwaya in faɗa, sai na ga hannun Inna ya tsaya cak a cikin shinkafa. Ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na ce mahayin yana gaya mata ɗanta ya girma, yana nan tafe, kukan da take yi na murna ne. Matan ɗaki suka yi hamdala. Baba yana bakin ƙofa yana ɗaura tasbahohin da yake sayarwa. Shi yana ɗan tsintar Larabcin rubutu in bai yi sauri ba. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya koma kan zarensa.

Da aikin hajji na wannan shekarar wani alhaji daga Sudan ya yi ta tambaya a lunguna har aka nuna masa gidanmu. Ya yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa a ƙofa, ya ba shi wasiƙa. Inna ta riga ta ji sunan garin, ta fito ko mayafi babu. Aka kira mai karatu. Ɗan Hauwa ne ya rubuto. Ya ce yaron da aka bar musu ya rasu wata huɗu bayan tafiyar iyayensa, sun yi shekara da shekaru suna neman wanda ya san inda muke. Na karanta a zuci har ƙasa. Da na ɗaga kai, Baba yana tsaye a bayan Inna inda ba ta ganinsa, ya girgiza mini kai sau ɗaya. Ya riga ya san na iya. Na ce Habu yana lafiya, ya zama saurayi, yana kiwon shanun mai gidan, yana gaishe su, hanya ce ba ta samu ba. Inna ta faɗi ta yi sujada. Da ta ɗago, tambayar da ta fara yi ita ce ko a ƙafa yake bin shanun.

Na ce, "Yana da doki, Inna. Baƙi ne, mai farin goshi."

Dokin mai tauraro a ƙirji ne na fim ɗin wannan makon. Daga ranar na shiga aikin da na yi kusan shekara hamsin ina yi. Kowace shekara Inna kan haɗa ƙulli, dabino da hula da turare da 'yar jarkar zamzam, in ɗauka in tafi Kudai inda motocin alhazai ke tsayawa. In nemi wani dattijo daga Sudan in ba shi sadaka, in ce ya yi wa wani yaro mai suna Habu addu'a, sannan in dawo gida da saƙon baki. Duk abin da na ba Habu daga talabijin na ɗauko. Na ba shi gona a bakin rafi, na yi masa shinge, na yi masa aure da 'yar mai gidan, na haifa masa 'ya'ya uku. Wata shekara ɓarayin shanu suka zo ya kore su shi kaɗai. Da wayar tarho ta zo na ce ƙauyensu babu. Da wayar hannu ta zo na ce ya bi shanu can cikin daji inda ba ta kamawa. Duk lokacin da waya ta matso, sai in ƙara tura shi gaba. Ranar da Baba zai rasu na zaci zai sauke mini wannan nauyi. Ya kama hannuna ya ce in riƙe, bai ƙara komai ba.

Kun tashi kun iske gidanmu na unguwar Zahir gidan gardamar fim ne, kuma ba na so ku ɗauka duk baƙin ciki muka yi. Babanku da ya fara tuƙin bas ya sayo bidiyo a Jidda, da tsofaffin kasusuwan ban tsoro, na masu shan jini da gawar da ke fitowa daga akwati. Shi ke sayowa, shi ke kunnawa, shi kuma ke tashi shan ruwa duk lokacin da ƙofa ta fara ƙara. Inna kuwa shekara talatin tana yi wa matan unguwa wankan gawa, don haka a nan ma ƙwararriya ce. Ko gezau ba ta yi. Mamakinta shi ne gida guda cike da mutane, abu na bin su ɗaki-ɗaki, a rasa mai karanta ayatul kursiyyu. Takan ce wa 'yar budurwar da ke sauka ɗakin ƙasa da kyandir ta koma, wa ya aike ta. Gawar kuwa tausayinta take ji.

"Ba laifinsa ba ne," in ji ta. "Dubi yadda suka cusa shi a akwati da kwat da takalmi, ba wanka ba likkafani, ba wanda ya tsaya a kansa. Mamaci ba ya yawo sai in masu rai ba su gama aikinsu ba. Ni ma a yi mini haka a gani."

Kai kuma Faisal ka zo da naka, na jaruman littafin zane masu matsattsun kaya, waɗanda kake tuƙi har Jidda don ka gani a silima, ka dawo ka tilasta mana mu sake gani a gida. Inna ta ce duk mai rufe fuska da rana tsaka akwai abin da ya ɗauka. Ta ce mutum ya iya tashi sama amma ba a taɓa ganin ya sauka gai da uwarsa ba. Ta ce don a kama ɓarawo ɗaya an rushe gari guda, waye zai gina. Ni ma ban taɓa son su ba, don ba su bar wa mai fassara wurin numfashi, ƙara ce kawai da wuta, ba mai zama ya gama magana. A ganina tsohon fim mai baƙi da fari da ƙofa ɗaya mai ƙara ya fi su duka. Kana jin haushi, muna dariya, a ƙarshe Inna ta rufe gardamar yadda ta saba, ta ce Habunta da dokinsa ɗaya ya fi su amfani. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi.

Sai shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan, cikin azumi. Inna ta gani a labarai, kuma hoto ba ya buƙatar mai fassara. Ta ga mata da ƙullin kaya a ka suna bin titi, ta gane tafiyar. Tun daga ranar zama ya gagare ta. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa ta koma kai-komo daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Ta daina cin abinci sai a tsaye, loma biyu ta ture. Ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado ta ajiye a bakin ƙofa. Sau biyu muna kamo ta a matakala da takalmi a hannu. Ta ce bana ba ƙulli, mutum za a kawo mata, shi da matarsa da 'ya'yansa uku, ko a tsakar ɗaki su kwana. Na ce dajin da yake ba yaƙi. Ta ce a ina na ji, tun da waya ba ta kamawa. Rahma, da cikinta na fari wata shida, ta ɗauki abin da gaske. Ta shiga duk wani zauren Hausawan Sudan da ke cikin waya, tana aika sunan Habu da sunan garin da kamannin dokinsa. Ina kallonta tana neman mutumin da ni na ƙera, idanunta sun yi ja don duba waya. Ni ma barcina ya ƙaurace, na rame, na fara ƙona miya.

Bayan salla na ce maka, Faisal, ka nemo mana tsofaffin kaboyin nan a intanet ka haɗa da talabijin, ko Inna za ta zauna. Ta kuwa zauna, rabin sa'a a yini, a bakin kujera kamar mai jiran mota. Ina fassara, tana gyara wa Turawa tafiya da rabin zuciya. Wata ranar Talata bayan la'asar, ina shigowa da shayi, na ga keken doki ya tsaya a gaban wani gida shi kaɗai a fili. Shekara hamsin ban sake ganinsa ba, amma na gane tsohuwar da ke bakin ƙofa. Na so in canza, Inna ta ɗaga hannu ta ce a bar shi. Rahma na gefe da wayarta. Da mahayin ya cire hula, na faɗi abin da na faɗa ina yarinya, kalma bayan kalma, kamar karatun allo. Rahma ta ɗago ta dubi rubutun, ta dube ni.

"Ummi, mu kida," ta ce da Larabcinsu. "Ba haka ya ce ba."

Na ce ta yi mini shiru, ta yi. Amma da na shiga kicin ta biyo ni ta rufe ƙofa. Rahma ba ta da hayaniya, irin babanta ce, sai dai in ta tsare mutum da ido ya gwammace zagi. Ta ce tun tana ƙarama take jin ina ƙara gishiri a fim, ba ta damu ba, amma na yau ba gishiri ba ne, juya maganar na yi. Sannan ta tambaye ni me kuma na taɓa karanta wa Sitti, yadda kuke kiran Inna, irin wannan karatun. Na jingina da firji na gaya mata komai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanku sai a wannan makon ya ji. Ta ɗora hannu a kan cikinta. Ba ta zarge ni ba. Ta ce ita ba za ta faɗa ba, don ba ita ta karanta wasiƙar ba, amma ba za ta ƙara aika sunan mamaci a waya ba, kuma in Sitti ta faɗi a matakala tana neman hanyar Sudan, in san wa ya tura ta.

Kwana tara na yi ina juya abin. Babanku, da yake shirin tafiya Arfa da motocin alhazai, ya ce in rufe bakina, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya ba ta da ƙarfin wannan labari, in na kashe ta da shi fa. Ina ganin gaskiyarsa. Ina ganin gaskiyar Rahma. Nakan fita da hantsi ba abin da zan saya, in zaga kasuwar Zahir in dawo da jaka wayam. Na je Harami na yi ɗawafi ina roƙon Allah ya zaɓa mini, na fito ƙafafuna na ciwo zuciyata na nan yadda take. Kuma tun da na ce ba zan tausasa ba, bari in faɗa: ba mutuwar Inna kaɗai nake tsoro ba. Ina tsoron yadda za ta dube ni. Shekara hamsin ni ce idonta a kan kowace takarda, ina kuma son wannan matsayi fiye da yadda na taɓa yarda. A rana ta tara na dawo na iske ta zaune a kan adakar a bakin ƙofa, sanye da abayarta, ta ce in kai ta Kudai, ita da kanta za ta tambayi direbobi.

Na ce ta bari mu ƙarasa fim ɗin ranar Talata tukuna. Na zaunar da ita, na kunna daga inda mahayin ya cire hula, na tsayar da hoton. Na ce mata wancan karon da wannan duk ban faɗa daidai ba, cewa ya yi yaron ya mutu. Inna ko motsi ba ta yi ba.

"Na sani tun ranar farko," ta ce. "Ba ki ga ta bar masa bargon ba? Uwar da za ta dawo ba ta barin abin goyo. Tafiya take da shi, don da shi za ta ɗauko ɗanta. Na bar ki ne don kin faɗa da daɗi, matan ɗaki kuma suna so."

Na ji wani sanyi, na ce a raina ashe ta san komai, ashe tare muke wasan. Da wannan ƙarfin na ciro wasiƙar, wadda na ɓoye a cikin littafin makarantata tun ranar. Ta ga takardar ta gane ta. Sai na ga fuskarta, na san na yi kuskure. Ƙaryar fim ta sani. Ta Habu ba ta taɓa zato ba, don ita ta taho da majanyinta. Amma na riga na buɗe, na karanta mata yadda aka rubuta, ban tsallake ko harafi ba. Ta sa na maimaita wurin wata huɗu. Ta ƙirga da yatsu. Ta ce a wata na huɗu suna nan a bakin teku suna jiran jirgi, ba su ko tsallako ba, tafiyar 'yan kwanaki ce tsakaninsu. Na jira kuka, bai zo ba. Tambayar mai wankan gawa ta yi.

"Wa ya yi masa wanka?"

Na ce wasiƙar ta faɗa, na sake karanta mata wurin. Hauwa ce ta yi masa da hannunta, mijinta ya yi masa salla da mutanen gari, aka sa shi a gindin aduwa a bayan gida. Ta gyaɗa kai ta ce Hauwa ta iya, ta taɓa ganin aikinta. Sannan ta dube ni, irin duban da na yi kwana tara ina gudu.

"To su sun gama nasu. Ke ce kika hana shi kwanciya, Zulai. Yaro ɗan shekara biyu, kin ɗora shi a doki shekara hamsin yana yawo a gidan nan."

Ta miƙe da kanta, ta cire abaya, ta ce in mayar da adakar ƙarƙashin gado. A wannan yammacin ta ci tuwo a zaune, ta cinye. Kai-komon ya ƙare daga ranar. Washegari ta wanke majanyin da hannunta, ta shanya a taga, ta ninke ta ba Rahma don abin da ke cikinta. Ku kuma aka ce muku Rahma ce ta samo labarin rasuwar kawunku a waya, kuka yi ta'aziyya, kuka ɗauka yaƙin ne ya ci shi. Da aka kawo takardar asibiti ta gaba na miƙa hannu yadda na saba, Inna ta janye ta, ta ce a kira Rahma. Ba ta zage ni ba, ba ta daina cin abincina ba, ni ke yi mata wanka ina taje mata kai. Amma a wata goman da suka rage mata ban sake karanta mata ko sunan magani ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi, kuma ban ce ta zalunce ni ba.

Kaboyinta ba ta daina kallo ba. Rahma ce ke fassarawa, da jaririyarta goye a majanyin, kalma bayan kalma, ba gishiri ba yaji, rabi Hausa rabi Larabci. Ni ina kicin ƙofa a buɗe, ina jin leɓɓana na motsi. Wata rana, saura mako biyu ta rasu, na ji Inna ta yi tsaki ta ce wa Rahma wannan wace irin fassara ce kamar sanarwar hukuma, da uwarki ce da dokin nan ma ya yi magana. Ta ɗaga murya yadda zan ji. Na tsaya da ludayi a hannu ina jira ta kira ni. Ba ta kira ba, ta ce Rahma ta ci gaba.

Adakar tana ɗakina yanzu, ba a kulle take ba. Wasiƙar na ciki, a ninke huɗu, rubutun ya dusashe amma yana karantuwa. Dukanku kun fi ni Larabci. Kada ku tsaya a kan abin da na ce ta ce, ku buɗe ku karanta da kanku.